Iyakar Konni: makulli na hannun Yamai, amma wa ya san masu wucewa?

 

Waɗanda sunka saurari shirinmu na daren jiya sun ji yadda layi ya ɗauki zafi. Wani bawan Allah ya kira daga wani ƙauye na komin ɗin Alela, ya ce ɗan ƙanwarsa da anka haifa ƙetaren iyaka ya zo taya shi girbin hatsi, ya kwana goma gidansa. Sai wani ya ce masa ai yanzu doka ta ce duk wanda ya sauke baƙon wata ƙasa sai ya je ya sanar da ƴan sanda. Mutumen ya ce mini: “Malam, yaron nan ni na yanka ragon sunansa. Yau kuma in hau babur in tafi Konni in ce na yi baƙo daga ƙasar waje?” Bai rufe baki ba wani ya kira daga wajen Dogarawa, ya ce: “To in ba a yi haka ba, ta ina za a gane ɓarayin shanu da masu yi musu leƙen asiri? Su ma ai da sunan dangi suke shigowa.”

Lokaci ya ƙare ban samu na faɗi nawa ra'ayi ba, na ce zan rubuto a nan. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tasu ita ce: wa ya kamata ya riƙe sha'anin shige da fice a bakin iyaka, gwamnatin tsakiya da ke Yamai ko hukumomin da ke kusa da mu, wato jaha, komin da sarakuna? Nawa ganin shi ne: doka da bindiga da ikon kama mutum ko korarsa su tsaya hannun ƙasa. Amma aikin tantance wane ne ɗan bakin iyaka, da sa ido kan yadda ake mu'amala da shi bisa hanya, wannan a ba na kusa, kuma a rubuta shi cikin doka. Ku ba ni haƙuri in bi abin daki-daki.

Mu fara da yadda abin yake yau. Nijar ba tarayya ba ce kamar Najeriya, gwamnati guda ce daga Yamai har Bilma. Shige da fice aikin ƴan sandan ƙasa ne, ta hannun sashen da muka sani da DST. Ga duwan masu kula da kaya, ga jandarma da gardi bisa hanyoyi da ƙauyuka. Gwamnan Tawa da prefen Konni, na Malbaza da na Illela tamu, duk wakilan gwamnatin tsakiya ne, ba mu munka zaɓe su ba, naɗo su anka yi. Da anka fara zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, kuma da anka zo miƙa wa komin wasu ayyuka a 2016, abin da anka ba su shi ne ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Iyaka ba ta ciki. A watan Afrilun 2024 ma an rushe majalisun komin da na jahohi, anka naɗa kantomomi. Ke nan yau, a kan maganar iyaka, babu ko mutum ɗaya da talakan Alela ko Bazaga ko Tsarnawa ya zaɓa wanda ke da ta cewa.

Dokar da mai kiranmu ya ji labari kuwa gaskiya ce. A watan Janairun 2025 anka fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi a Nijar, kuma cikinta akwai cewa wanda ya sauke baƙon wata ƙasa ya sanar da hukuma. Ban ga laifin ƙasa ta nemi sanin wanda ke kwana cikinta ba, balle a wannan zamani. Amma wanda ya rubuta kalmar “baƙo” a ofis a Yamai, mai sauka otel yake gani a ransa, ko mai haya gida a unguwar Filato. Bai ga ɗan ƙanwa mai girbin hatsi ba. Kilomita sama da 400 ke tsakaninmu da Yamai. Sakkwato kuwa ba ta kai 100 ba, Illela ta Najeriya ma ɗan kabu-kabu kan kai ka ya dawo shayinka bai huce ba.

Kuma kada mu manta yadda layin nan ya zo. Turawan Faransa da na Ingila sunka zauna ƙasarsu sunka raba a takarda, a 1898, sunka sake gyarawa a 1904 da 1906, don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Sannan anka zo anka kafa duwatsu. Babu wanda ya tambayi Sarkin Konni, garin da sojojin Voulet da Chanoine sunka ƙone a 1899. Layin ya ratsa gonaki, ya ratsa burtali, ya ratsa gidaje. Ba ina cewa a tumɓuke shi ba ne, ƙasa ta zama ƙasa, kuma ni ɗan Nijar ne ina alfahari. Ina tuni ne cewa tun ranar farko, daga nesa ake yanke hukunci kan iyakar nan, mu kuma mu kwana da abin da ya biyo baya.

Ku tambayi tsofaffi labarin 1984. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona a nan, ba a buɗe ba sai 1986. Har yau akwai wuraren da ake kiran yunwar shekarar da sunan El Buhari. A watan Agustan 2019 anka sake rufewa daga Abuja, wai don shinkafa da man fetur, sai Disamban 2020 anka buɗe ƙofofi huɗu, Illela na ciki. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, anka rufe iyaka, anka yanke wuta. Wannan ba sai na ba ku labari ba, tare munka gani: kamiyo jere bakin hanya, kaya na lalacewa, mai wake da mai bisashe ba su san inda za su kai ba, mai maganin da ya saba sayowa Sakkwato ya rasa, mutanen ƙetare masu zuwa asibitin Galmi sai ta daji. Ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024.

To a duk waɗannan rufe-rufen, shin mutane sun daina wucewa? Kowa ya san amsa. Ƙofar gwamnati ce kawai anka kulle, sai hanyoyin daji sunka cika. Kuɗin babur ya ninka, kuɗin “a gani a ƙyale” ya ninka, talaka mai buhu guda ya sha wuya, mai manyan kaya da ya san wanda zai kira ya wuce cikin dare. Abin da ya fi muni, jama'a sunka saba da bin hanyar da babu idon hukuma, kuma hanyar nan ita ce mugu ma yake bi.

Ga wani misali daga ɓangarenmu, don kar a ce laifin Abuja kaɗai nake gani. A watan Mayun 2015 anka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure. Akwai dalili: kowa ya tuna mutum 92, akasari mata da yara daga yankin Kance, da sunka mutu da ƙishirwa a hamada kusa da Aljeriya a 2013. Amma kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Turai ta matsa ƙwarai, don ta tare masu nufar Libiya. Da anka fara aiki da dokar a 2016, direbobin Agadas da yawa sun shiga gidan kaso, an kama motoci, zaɓaɓɓun jahar sun yi ta kuka cewa ba a shawarce su ba. Mu ma nan abin ya taɓa mu, tunda Konni ƙofa ce ta masu fitowa Najeriya su nufi arewa. Har rundunar ƴan sanda ta musamman mai sintirin iyaka, CMCF, mai mutum wajen 250, anka girke a Konni da kuɗin Jamus da Holan. A watan Nuwamban 2023 Janar Tiani ya sa hannu anka soke dokar. An kafa ta ba a tambaye mu ba, an soke ta ba a tambaye mu ba. Ko kana goyon bayan kafawar ko sokewar, wannan dai gaskiya ce.

Don haka na fahimci masu cewa a bar wa na gida. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Ni kaina na taɓa shiga motar haya ran wata Laraba, an taso kasuwar Konni, sai anka tsayar da mu wani shinge, ba zan faɗi ko na su wa ba ne. Akwai wata tsohuwa da ƙwaryar daddawa, ba ta da katin ɗan ƙasa. Anka tambaye ta garinsu, ta faɗi sunan ƙauyen. Mai tambayar bai taɓa jin sunan ba, baƙo ne a yankin, ya ce wannan ai Najeriya ne. Mu duka cikin mota munka ce wallahi Nijar ne, hakiminsu ma mun san shi. Bai ji ba. Sai da tsohuwar nan ta kwance bakin zane ta ba da jikka guda, ribar daddawarta ta yini, sannan munka wuce. Ta shigo mota tana cewa: “Ɗana, ni da anka haifa tun zamanin Diori, yau ni ce baƙuwa.” Ban samu abin ce mata ba. Da hakimin ƙauyensu ne a shingen nan, ko da ɗan aikensa, da kallo ɗaya ya isa.

Amma jama'a, mu yi wa kanmu gaskiya. In anka ce yau an miƙa iyaka gaba ɗaya hannun komin da sarakuna da ƴan banga, shin za mu kwana lafiya? Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, abin da ke ƙetare iyaka yau ba daddawa ba ce kaɗai. Ku tuna watan Oktoban 2020 da anka sace wani Ba'amurke a Masalata, nan bakin Konni, anka ƙetara da shi Najeriya cikin dare. Ku dubi dubban mutanen Sabon Birni da Isa da sunka gudo wa ƴan bindiga sunka fake a Bangi ta ƙasar Madawa, da waɗanda sunka cika ƙauyukan Gidan Runji tun 2019. Komin da ke fama da biyan albashin ma'aikatanta, da me za ta tare masu babura hamsin da manyan bindigogi? Hakimin da ya hana su wucewa yau, gobe gidansa za su kwana, kuma kowa ya san haka.

Na biyu, mun ga abin da ya faru ƙetare, a Tangaza da Gudu cikin jahar Sakkwato. Kamar yadda anka sha bayyanawa, mutanen da ake kira Lakurawa, da farko wasu shugabannin yankin ne sunka yi maraba da su don su kore musu ɓarayin shanu, saboda gwamnati ta yi nisa. Shawara ce ta gida, ta mutanen da wuya ta kai wa maƙoshi, kuma ba na zagin su. Amma daga baya baƙin sunka zama masu karɓar zakka da ƙarfi, masu yanke hukunci, har sai da sojojin Najeriya sunka fito sunka yi shelarsu a ƙarshen 2024. Ƙauye ɗaya ya buɗe ƙofa, ƙasashe biyu na biyan bashin. Shi ya sa shawarar wa zai shigo da makami ba ta zama ta gari guda.

Na uku, na gida ya san kowa, amma na gida yana da nasa son rai. Wanda ya san ka shi ya san rigimar gonar da ke tsakanin kakanku. A ba shi ikon cewa “wannan ba namu ba ne, a fitar da shi”, sai ka ga abokin gaba ya zama baƙon haure, ɗan adawa ya zama ɗan Najeriya ana gobe zaɓe. Wanda zai fi shan wuya kuwa shi ne makiyayi, Bafulatani ko Buzu, wanda ke sauka kudu da rani ya hauro da damina tun kafin a kafa dutsen iyaka, amma ba shi da gida cikin gari balle mai tsaya masa. Kuma cin hanci ba ya tambayar inda anka haifi mutum. Igiya nawa samarin gari ke ɗaurawa bisa hanyoyin daji suna karɓar dala ashirin-ashirin? Su ma daga Yamai anka turo su? Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari.

Na huɗu, mu mutanen Adar da Konni mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron ranar da kowane gari zai yi tasa dokar baƙi. Gida nawa ne a nan babu ɗansu a Abijan, Kumasi, Legas, Kamaru ko Aljeriya? Tsofaffi sun tuna korar da gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi a 1983, ƴan Nijar da yawa na ciki. Yanzu ma ga ƴan uwanmu da ake zubarwa a hamada kusa da Asamaka. In an taɓa ɗanka a waje, ƙasa ce ke iya magana da ƙasa, kantoma ba ya kiran Abuja ko Aljas. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 da ta ba mu kwana 90 babu biza, ƙasashe ne sunka sa mata hannu. Da munka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, shugabannin AES ne sunka ce ƴan CEDEAO za su ci gaba da shigowa babu biza. Irin wannan alkawari in kowace komin za ta iya warware shi, to babu mai sake yarda da mu, kuma ɗiyanmu na waje za su fara ji a jikinsu.

Ko ƙasashen da ke tarayya ma ba su saki wannan igiya ba. A Najeriya, gwamnan Sakkwato na da majalisa, yana da kasafin kuɗi, har askarawan tsaro na jaha sun kafa kamar yadda Katsina da Zamfara sunka yi, amma tsarin mulkin 1999 ya ajiye shige da fice cikin ayyukan gwamnatin tarayya kaɗai. Jami'in da ke buga hatimi a Illela daga Abuja yake karɓar umarni. A Amurka ma an yi wannan ja-in-ja: jahar Arizona ta yi tata dokar farautar baƙi, a 2012 kotun ƙoli ta soke mafi yawan sassan da anka kai ƙara a kansu, ta ce wannan hurumin tarayya ne. Har gobe suna gardamar, amma ka ga ba mu kaɗai ba ne.

To in ba a bar wa Yamai ita kaɗai ba, ba a kuma miƙa wa na gida duka ba, mene ne mafita? Ga abin da nake ganin za a iya yi, ba sai an canza tsarin ƙasa ba.

Abu na farko, a yi katin ɗan bakin iyaka. Duk wanda ke zaune cikin komin da ta taɓa iyaka, hakiminsa ya shaide shi, meri ta buga masa kati mai hoto a kuɗi kaɗan, ƴan sanda su riƙe kwafin rajistar. Ba sabon aiki ba ne: hakimi ai shi ke tara lanho, yana da sunan kowane magidanci da iyalinsa. In ya isa a yarda da shi ranar karɓar kuɗi, me zai hana a yarda da shi ranar shaida? Doka ma ta riga ta sa sarakunan gargajiya cikin tsarin mulkin ƙasa. Sai a zauna da Najeriya su yi irinsa ga mutanen Illela, Gada, Tangaza da Gudu, mai katin ya je kasuwa, biki, jana'iza, gona ko asibiti cikin iyakataccen nisa ya dawo, babu mai tambayarsa fasfo. Wurin zaman ma akwai shi: hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, ofishinta na Yamai. Kar wani ya ce wannan sakaci ne. Turai da ke koya mana tsaron iyaka, ita kanta tun 2006 tana da irin wannan izini ga mazauna kilomita 30 daga iyakarta ta waje. Kuma a sa makiyaya ciki ta hannun ardo da shugabannin rugage, kar a bar su baya.

Abu na biyu, sanar da baƙo ya tsaya wurin hakimi ko mai unguwa. A ba shi littafi: sunan baƙo, inda ya fito, gidan da ya sauka, ranar tafiya. Duk mako jandarma ko ƴan sanda su zo su duba. Wannan ai al'adarmu ce tun da, baƙo ba ya kwana gari mai gari bai sani ba. Mai kiranmu na Alela zai taka ƙafa ya je ƙofar hakimi cikin minti biyar, amma ba zai ƙona mai zuwa Konni ba, ni da ku mun sani. Dokar da mutum dubu za su bi da sauƙi ta fi wadda mutum uku za su bi don tsoro. Mai kiranmu na Dogarawa ma ya samu abin da yake nema, don wanda ya ɓoye baƙo bai kai sunansa ba, shi ya tona kansa. Sai dai a kiyaye sirrin hakimin da ya kai rahoto, don an sha kashe masu ba da labari.

Abu na uku, a kafe a kowane shinge, da Faransanci da Hausa, har da ajami, takardun da ake nema da abin da ake biya, in akwai, kuma a ba da rasit. A samu kwamiti a kowace gunduma, prefe na shugabanta, da kantoma, da wakilin sarki, da na direbobi, da na ƴan kasuwa, da na makiyaya, da mata masu ƙananan saye da sayarwa, su zauna duk wata su saurari koke. Ba su da ikon kama kowa, amma abin da sunka rubuta ya isa Tawa da Yamai, a kuma dawo da amsa. Ma'aikacin kirki, kuma suna da yawa, wasunsu sun bar ransu a dajin nan saboda mu, shi zai fi kowa jin daɗin haka, don yau laifin mutum guda ake shafa musu duka.

Abu na huɗu, in za a rufe iyaka ko a canza doka, a ji ta bakin mazauna wurin, ko da ba za a bi duk abin da sunka ce ba. A bar ƙofar marar lafiya, da ta gawa, da ta manomin da gonarsa ke ƙetare. Kuma a bar gwamnoni da prefe na ɓangarorin biyu su riƙa ganawa ko da manya na fushi da juna. An taɓa yi: a 2019 gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara sun zo Maraɗi sun zauna da gwamnan jahar kan maganar ƴan bindiga. Ɓarawon shanu ba ya jiran Yamai da Abuja su shirya.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: “Malam, hakimai za su sayar da katin.” Eh, wasu za su sayar, kar mu yaudari kanmu. Amma hakimin da ya shaidi mugu, sunansa na kan takarda, ana iya kiransa, ana iya tuɓe shi, kuma gobe zai haɗu da mutanen da anka sace wa shanu a masallaci. Yanzu fa? Wanda ya karɓi jikka biyu cikin dare ya ɗaga igiya, sunan wa ya rubuta? Wasu kuma za su ce lokacin yaƙi ne, ba lokacin shawara ba. Ni kuwa na ce lokacin yaƙi ne soja ya fi bukatar bakin talaka. Tsohuwar da anka karɓe wa ribar daddawa, in ta ga baƙin babura bayan gari da asuba, wa kuke jin za ta je ta gaya wa?

Akwai kuma abin da ya rage namu. Da yawanmu ba mu yi wa ɗiyanmu takardar haihuwa, sai ranar jarrabawa ko ranar tafiya bida mu fara gudu wurin alƙali. Wasunmu na da katin Nijar a aljihun dama, na Najeriya a na hagu, kowanne da sunansa daban. Wasu sun san gidan da ake sauke mutanen da ba a gane ba, sun yi shiru don ana sayen kayan shagonsu da tsada. In muna son ƙasa ta yarda da shaidarmu, sai shaidar tamu ta zama ta gaskiya. Kuma ranar da anka dawo da zaɓen komin, mu tambayi mai neman ƙuri'a abin da zai yi kan maganar iyaka, kar mu tsaya ga atamfa da sabulu.

Ga mai kiranmu na Alela: kafin a gyara, ka je ka gaya wa hakiminku yaron na gidanka, ka roƙe shi ya sanar da hukuma ta kusa, kuma yaron ya riƙe duk wata takarda da yake da ita. Doka doka ce ko ba ta yi mana daɗi ba. Amma faɗin inda take matse mu ba laifi ba ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sake buɗe layi kan wannan magana. Ina son in ji direbobin hanyar Illela, da matan da ke zuwa kasuwar Lahadi, da hakimai in akwai mai ƙarfin hali, da ma'aikatan iyaka ko ba su faɗi suna ba. Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini, amma don Allah ban da zagi, ban da kiran sunan kowa.

Allah ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya maido da matafiyanmu gida lafiya.